Injin sanyi ya ƙone, inshora ta ce ba gobara ba ce

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da ɗakin sanyi a Kawo, ina ajiye kifi da kaji, ina kuma yin ƙanƙara. A daminar bara aka ɗauke wuta da la'asar ana iska, aka dawo da ita bayan isha'i da wani irin ƙarfi. Kafin yaron shago ya kai hannu ya kashe, kwamfuresa ta ƙone, firiza biyu da inbata suka bi ta, kifi ya lalace. Ina da inshorar gobara da banki ya sa na yi lokacin da ya saya mini kayan, amma da na je sai aka ce wai wannan ba gobara ba ce. An cuce ni ne? Akwai inshorar da ke biyan irin wannan asara? Kuma ta halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar da mafificin alheri, ya kiyaye gaba.

Bari in fara da mai ɗacin. In takardarki irin wadda aka saba bayarwa ce, ba a cuce ki ranar biya ba. In ma akwai cuta, tun ranar sa hannu aka yi ta, da ba a samu wanda ya zaunar da ke ya faɗa miki abin da kika saya da abin da ba ki saya ba. Na daɗe ina aikin lantarki a wata masaƙa a Kakuri kafin masaƙun su durƙushe, daga baya na koma duba injinan da suka lalace ina rubuta wa kamfanonin inshora rahoto. Na sha ganin mai kaya yana rantsuwa an zalunce shi, ma'aikacin ofis kuma yana nuna masa layin da ya sa wa hannu bai karanta ba, kowa a kan gaskiyarsa.

Rabin rikicin daga bakinmu yake. Mu da Hausa kalma ɗaya ce: gida ya ƙone, tuwo ya ƙone, ƙwan fitila ya ƙone, koyil ya ƙone. Su kuwa a wurinsu gobara sai an ga harshen wuta ya kama abin da bai kamata ya kama ba. Koyil, wato naɗin wayar cikin moto, in ya yi zafi ya narke a cikin kwanonsa, ko ya tashi unguwa da ƙauri, lalacewar inji suke kiransa. Ki ɗauko takardar ki nemi sakin layin da ke maganar kayan lantarki, kusan kowace inshorar gobara tana da shi. Abin da yake cewa a taƙaice: kamfani ba zai biya injin da ya lalace saboda zafin kansa, ko haɗuwar waya, ko wutar da ta yi masa yawa ba. Amma in wuta ta tashi daga jikinsa ta ci silin da kanta da kayan da ke gefe, za a biya waɗannan. Wato da kwamfuresar ta kama da wuta ta ci rufin shago, da an biya ki rufi an bar ki da kwamfuresa. Tsawa ma haka take da harshe biyu. In ta faɗo a kan gininki, inshorar gobara ta ɗauka. In ta faɗi can nesa a kan layi, ƙarfinta ya biyo waya ya shigo miki, a nan ake ja-in-ja, sai abin da takarda ta faɗa.

To me ya kashe miki kaya? Ban gani da idona ba, amma yadda kika ba da labarin, iska da la'asar, wuta ta dawo da ƙarfi, ina zargin nutural. Wutar da ke shigowa gidajenmu bolt 230 ce tsakanin layi ɗaya da nutural, tsakanin layi da layi kuma 400. Nutural shi ne ke riƙe layukan uku a daidai, kamar tsakiyar sikeli. In ya tsinke, ko iska ta kaɗa shi, ko mahaɗarsa ta yi tsatsa, ko ɓarayi suka yanke jan ƙarfen da ke gindin taransifoma yayin da babu wuta, sai sikeli ya karkace. Layin da ke ɗauke da kaya da yawa wutarsa ta faɗi, wanda kayansa kaɗan ne tasa ta tashi ta doshi 400. Alamar ba ta ɓuya: ƙwan gidanki ya yi fari fat kamar rana, na maƙwabci ya yi ja kamar garwashi, fanka na gudu kamar za ta tsinke, sai ki ji tas-tas, caja da talabijin na tafiya ɗaya bayan ɗaya. Firiza da inbata irin wannan mutuwar suke yi.

Kwamfuresar kuwa, in mai layi uku ce, ina kyautata zaton wani abu ne ya same ta a daren: wuta ta dawo da layi biyu, ɗaya babu. Moton da ke tsaye ba zai iya tashi da layi biyu ba, sai dai ya yi ta gurnani yana shan wuta. Wanda ke kan gudu kuma zai ci gaba, layukan da suka rage su ɗauki kusan ninki biyu na kayansu, cikin 'yan mintoci ya dahu.

Ana iya gane wannan, domin koyil ba ya ƙarya. In aka kwance moto aka cire murfi, ƙaurin banish ne zai fara tarbarki, sai ki duba naɗin wayar. In layi ɗaya ne ya ɓace, za ki ga wani kashi ya yi baƙi ƙirin, wani kashi a gefensa jan ƙarfensa na ƙyalli kamar jiya aka naɗa, a jere, baƙi da ja, baƙi da ja. In tsawa ce ko tartsatsin wuta mai ƙarfi, wuri ɗaya ne zai fashe, ɗan rami kamar an ɗiga dalma, sauran lafiya lau. In kuwa duk naɗin ya yi duhu bai ɗaya, ki taɓa rufin wayar ya ruguje a yatsa kamar busasshen ganye, wannan moton ya daɗe yana ciwo, daren nan ƙarasa shi kawai ya yi. Na tsaya a kan wannan ne saboda a kansa kuɗi ke fita ko ya maƙale. Inshorar inji tana biyan abin da ya zo kwatsam ba zato, ba ta biyan tsufa da gajiya, kuma rahoton wanda ya buɗe moton ne zai ce wanne ne.

A abin da na gani a garin nan, ciwon sannu-sannu ya fi kisa. Wuta mai rauni ita ce ta farko. Mutane na tsoron wuta mai ƙarfi, ba sa tsoron lo, alhali moto in bolt ya faɗi sai ya ƙara jan amfiya don ya yi aikin da aka ɗora masa, ƙarin amfiya kuwa ƙarin zafi ne. Ƙa'idar da muka koya tun muna makaranta ita ce duk ƙarin digiri 10 a kan zafin da aka ƙera moto ya jure yana cinye rabin rayuwar rufin wayarsa. Ki haɗa da ƙurar hunturu da ke toshe ragar kondensa daga Disamba zuwa Fabrairu, sai zafin Maris da Afrilu ya zo ya tarar da inji ba ya numfashi. Ki haɗa da ɗauke-kawo: kwamfuresar da aka kashe tana bukatar minti uku zuwa biyar gas ya daidaita kafin ta sake tashi, ita kuwa wutarmu sai ta yi ƙyaftawa uku a minti ɗaya. Ki haɗa da ƙaramin janareta, domin moto a lokacin tashi yana jan wajen ninki shida na abin da yake ja a kan gudu, janaretan da bai kai ba sai ya durƙusa, bolt ya faɗi, su biyun su wahala. Kuma kada batun rukunin da kamfanin raba wuta ke kasa masu amfani da wuta a ciki ya ruɗe ki. 'Yan rukunin A an yi musu alkawarin awa 20 a rana, alkawarin yawan awoyi ne, lafiyar wutar magana ce daban.

Sai hannun mutane. Na taɓa zuwa duba wani moto a wani injin niƙa, na buɗe akwatin wuta na tarar an cusa tsinken ashana a maɓallin obalod, wato abin da ke katse wa moto wuta in ya ja fiye da ƙima, don kada ya ƙara faɗuwa. Na tambayi yaron wurin, ya ce ai damunsu yake yi, kullum sai ya katse aiki ana tsaka da ciniki. Wato mai gadi na ihun ɓarawo, aka toshe masa baki don a samu barci. A wurin fis kuma waya aka naɗa mai kaurin da ko walda za a yi da ita. Wannan rahoton ban ji daɗin rubuta shi ba, mai injin mutumin kirki ne, amma ko sisi bai samu ba. A masaƙa kuwa ƙadangare ya taɓa tsayar mana da sashe guda, ya shiga ta ramin waya ya kwanta a kan sandunan layi biyu. Karin maganar nan ta tsagewar bango, mu a aikin wuta ba karin magana ba ce.

Yanzu ga inshorar da kike tambaya. Akwai ta, a sashen injiniya na kamfanonin inshora take, ita ce inshorar lalacewar inji. Tana biyan gyara ko madadin injin da ya lalace kwatsam: haɗuwar waya, wutar da ta yi yawa, karyewar ƙarfe a ciki, wani abu ya faɗa cikin inji, aibin ƙira da bai bayyana ba sai daga baya, har da kuskuren ma'aikaci da rashin ƙwarewarsa, abin da mutane da yawa ke mamaki. Kuskure fa na ce, ban ce ganganci irin na tsinken ashana ba. Ba ta ɗaukar gobara da ambaliya da sata, waɗannan na wasu takardun ne. Ita da inshorar gobara tukunya ce da murfi, inda ɗaya ta tsaya nan ɗaya ta fara, ke kuma murfin kaɗai aka sayar miki. Ba ta biyan abin da ke cinyewa da aiki kamar bel da mai da gas, ba ta biyan ciwon da kin san da shi kafin ki shiga, ba ta biyan abin da ke ƙarƙashin garantin wanda ya sayar miki. Kuma inji sai an rubuta shi a jeri da sunansa da lambarsa. Wanda ba ya cikin jeri ba ya cikin lissafi.

Inbata da kwamfuta da na'urorin asibiti da makamantansu suna da tasu daban, inshorar kayan laturoni, wadda ta fi faɗi. In kina da sola ki sa a rubuta faranti da inbata da batir kowanne da kuɗinsa, ki kuma tambayi yadda za a lissafa batir in ya lalace, domin shi da shekaru ake auna shi.

Kifin kuma takarda ce ta uku, kuma a sana'arki ina ganin ta fi sauran nauyi, tunda watakila kayan da ke cikin ɗakin sun fi injin tsada. Sunanta inshorar lalacewar kaya a ɗakin sanyi, yawanci ba a bayar da ita sai tare da ta inji. A nan ki buɗe ido sosai. A asalinta tana biya ne in kaya sun lalace saboda injin da ke cikin inshora ya samu matsalar da aka yarda da ita. In inji lafiyarsa ƙalau, wuta ce kawai babu, ba ta biya, sai in an ƙara wannan sharaɗin da kuɗinsa. Ki tuna Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Mando, ɗaya layin da ke kawo wuta Arewa ta Binuwai shi ma ya samu matsala, muka yi fiye da mako a duhu. Injinan masu ɗakin sanyi ba abin da ya same su, man dizal ne ya gagara saye. Mai takardar da ba ta da wancan ƙarin, irin wannan asara tasa ce shi kaɗai. Ko an ƙara ɗin ma, a ƙasa irin tamu kamfani zai gindaya cewa sai kina da janaretan ko-ta-kwana mai lafiya, kuma ɗauke wutar da aka yi da gangan don rabon lodi ba ta ciki. Akwai kuma wasu awoyi na farko da ba a lissafawa, saboda ana ɗauka ɗaki mai kyau in an rufe ƙofa zai riƙe sanyinsa. Ki tambayi awa nawa ne, a rubuce. Sannan za su so littafin awon sanyi. Daskararren kifi a digiri 18 ƙasa da sifiri ake ajiye shi, ki sa yaro ya riƙa rubuta abin da ma'auni ya nuna safe da rana da dare, da littafin shigar kaya da fitarsu. Ranar asara wannan littafin na naira ɗari biyar shi ne shaidarki cewa kwali kaza ne a ciki kuma da sanyinsu.

Akwai ta huɗu mai biyan ribar da aka rasa a kwanakin da inji ke tsaye. Tana bukatar lissafin kuɗi na shekara a tsare, ga ƙaramar sana'a ban cika ba da shawararta ba.

Inda aka fi yin kuka ko bayan an sayi takardar da ta dace shi ne wurin kuɗin da aka rubuta. Inshorar inji tana so a rubuta abin da za a sayi sabon irinsa yau, da kuɗin dako da kwastan da haɗawa. Mutanenmu kuwa kuɗin da suka saya suke rubutawa, wasu ma su rage don kuɗin shekara ya yi sauƙi. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500, kuma kayan sanyi kusan duk daga waje suke. Mu ce a 2022 kin rubuta miliyan 10, kina ta sabuntawa a haka, yau sabon kayan miliyan 30 ne. Aka yi ɓarnar miliyan 6. Za ki ce ai 6 ba ta kai 10 ba, a biya ni duka. Su kuma za su ce kashi ɗaya cikin uku na darajar kayan kika biya wa kuɗi, kashi biyu ke kika ɗaukar wa kanki, don haka miliyan 2 ne naki. Wannan shi ne abin da za ki ji suna kira aberej. Daga nan a cire ekses, wato kason farko na kowace asara da ke kan mai kaya. In kashi 10 cikin ɗari ne, kin tashi da miliyan 1 da dubu 800 a ɓarnar miliyan 6. Da irin wannan rawa gara ƙin tashi. Duk shekara kafin sabuntawa ki karɓo farashin sabo a rubuce daga mai sayar da kayan, ki gyara adadin. Ki sani kuma in inji ya mutu murus ba gyara, yawanci darajarsa ta ranar ake biya bayan an cire tsufa, ba kuɗin sabo ba, sai in an yi sharaɗin haka.

Takardar da banki ya sa kika yi ma ki sake dubawa. Sau da yawa daidai bashinsa ake rubutawa, kuma sunansa ne a gaba wurin karɓar diyya. Don kare kuɗinsa ya sa aka yi ta, bai yi laifi ba, amma ba don ke aka ɗinka rigar ba.

In ni ne ke, ga yadda zan kashe kuɗina, kuma inshora ba ita ce ta farko ba. Kafin komai a sa wa kwamfuresa na'urar gadin layi, wadda masu kayan wuta ke ce wa fes-feliya. 'Yar aba ce da ba ta fi tafin hannu ba, tana katse kwantakta, wato makunnin da ke ba moto wuta, in layi ɗaya ya ɓace, ko bolt ya hau ko ya sauka fiye da ƙima, ko aka juya jerin layuka bayan gyara, ta kuma jira 'yan mintoci kafin ta bari a tashi. Kuɗinta bai kai na kwalin kifi biyu ba, da tana nan da wuya a yi wannan zancen. A saita obalod daidai da amfiyar da ke rubuce a ɗan allon ƙarfen jikin moto, ba yadda zai daina damun yara ba. Kowace firiza a sa mata abin gadinta a soket. A sa mai shanye tartsatsin tsawa a babban akwatin wuta, amma shi ba ya aiki sai da atin mai kyau, wato sandar ƙarfen da ake kafawa a ƙasa don zubar da wuta, atin kuma a auna shi da rani, lokacin da jar ƙasarmu ta bushe ƙamas, domin wanda ya yi kyau a Agusta yana iya zama sandar banza a Fabrairu. Sitabilaiza tana gyara lo da hawa na yau da kullum, amma ba ta da saurin tare tsawa, kada a ce miki ta wadatar. A wanke ragar kondensa, a ɗaure sukurorin waya duk bayan 'yan watanni, a toshe ramukan akwati. Kuma ki nemi mai aikin wuta da ke da shaidar hukumar NEMSA mai duba ingancin aikin wuta, ya ba ki takardar abin da ya auna da kwanan wata. Tana rage gardama ranar biya, tana iya rage miki kuɗin shekara.

Wannan inshorar ma asalinta daga dubawa ta fara. Ɗaya daga cikin tsofaffin kamfanoninta, wanda aka kafa a Hartford ta Amurka a 1866, lokacin da tukwanen tururi ke fashewa suna kashe mutane, dubawa ce a gaban inshora a cikin sunansa. Saboda haka in kamfani ya ce zai turo injiniya ya ga kayanki kafin ya karɓa, ki yi maraba da shi ki ba shi ruwa. Wanda ya karɓi kuɗinki ko lambar inji bai tambaya ba, shi nake tsoro.

Bayan kariya, ki sa inshora a kan abin da in ya faɗi ba za ki iya tayar da shi daga cinikin wata ɗaya ko biyu ba: kwamfuresa, janareta, inbata, da kayan cikin ɗaki. Ƙananan firiza gyaransu sau da yawa bai wuce ekses ba, ki yi musu asusu kawai. Farashi ya danganta da shekarun inji da irin kariyar da ke jikinsa, ki karɓi tayi daga wuri uku ki gwada sharuɗɗa, ba kuɗi kaɗai ba. Ki bi ta hannun dillalin inshora mai rajista, shi wakilinki ne, saɓanin ejan da ke wakiltar kamfani. Ki duba sunan kamfanin a jerin masu lasisi na hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora. Kuma ki biya kafin tsohuwar ta ƙare. Ƙa'idar ba biya ba kariya an rubuta ta a dokar inshora ta 2003, an tsaurara ta tun Janairun 2013, har yau a kanta ake. "Zan kawo kuɗin jibi" ba ta tare komai in abu ya faru gobe.

Allah ya kiyaye, in ta sake faruwa, a kashe babban makunni, a ɗauki hoto da bidiyo kafin a taɓa komai, a sanar da kamfani ko dillali a rubuce a ranar, ko ta WhatsApp ne, don a samu kwanan wata. Kuskuren da na fi gani shi ne gari na wayewa a ɗora moto a Keke a kai wa masu rewayin, wato masu sake naɗa wayar moto, a Panteka. Kafin mai kimanta asara ya iso an ƙone tsohon naɗin an zare, shaida ta tafi wurin 'yan gwangwan. Na san kasuwa ba ta jira, amma ki kira su ki nemi izini, in dole ne a fara gyara a ajiye duk abin da aka cire. Kifi kuwa kada a zuba masa ido don wai akwai inshora. Wajibinki ne ki rage asara: a kai ɗakin sanyin wani, a sayar da mai sayuwa, a ajiye rasit, kuɗin ceton ma ana iya lissafawa.

Ba ki tambaya ba, amma akwai ƙofar kamfanin raba wuta, wanda har yau muke ce wa NEPA ko da yake sunan ya tafi tun 2005. Ana rubuta ƙorafi ga sashensu na sauraron koke, in ba a gamsu ba a ɗaukaka zuwa dandalin sauraron ƙorafi na hukumar NERC mai kula da harkar lantarki. Ba zan ce miki hanya ce mai sauƙi ba, domin sai an nuna daga ɓangarensu matsalar ta fito ba daga wayoyin shagonki ba. Abin da ke ƙarfafa ta shi ne taro. In gida ashirin a kan taransifoma ɗaya suka yi asara a dare ɗaya, suka rubuta tare da sa hannun mai unguwa, magana ta canza. Sai dai ba a karɓa biyu: in inshora ta biya ki, haƙƙin bin wanda ya jawo ɓarnar ya koma hannunta.

Batun halacci, ni ba malami ba ne, abin da na sani zan faɗa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci da aka saba ba ta halatta ba saboda garar, wato rashin tabbas, da ke cikinta, ta halatta ta taimakekeniya. A kan wannan tsari takaful take, kamfaninta na farko a Sudan aka kafa shi a 1979. Mahalarta na zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar kyauta, wanda asara ta sama a biya shi daga ciki, kamfani ya ɗauki ladan wakilci, ba a juya kuɗin a harkar ruwa, in an samu rara a ƙarshen shekara a raba. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful da wannan ne kaɗai aikinsu. Ki tambayi malamin da kika natsu da shi. Abin da zan ƙara daga ɓangarena shi ne takaful asalin yarjejeniyar ta gyara, sharuɗɗan aiki suna nan. Sakin layin kayan lantarki yana cikin tasu takardar gobarar, aberej na nan, ekses na nan. In kika je kika ce a ba ki takaful ta gobara kawai, amsar da kika samu bara ita za ki sake samu.

In tsohuwar kwamfuresar tana nan a bayan shago ba a sayar ba, kada ki bari a ɗauke ta tukuna. Ki sa a buɗe a duba naɗin, a ga baƙi da ja ne ko duhu bai ɗaya. In duhu bai ɗaya ne, abin da ya cinye ta yana nan yana cin sabuwar, sai a auna bolt da amfiya a layukan uku da tsakar rana ana cikin aiki, a kuma sake aunawa bayan magariba lokacin da unguwa ta kunna komai.